Sharhin Bayan Labarai: Baƙin Mai, Tsohon Batir da Rijiyar Maƙwabta

 Sharhinmu na yau ya leƙa garejin kanikawa ne, domin ya duba ƙasar da bakanike yake takawa, da kuma ruwan da ke kwance a ƙarƙashinta.

Duk wanda ya taɓa kai mota juye ya san yadda abin yake. Mai mota zai tsaya a gindin darbejiya, a jawo masa benci. Maigidan gareji ya ɗaga murya: "Kai yaro, ɗauko sifana ka kwance wa Alhaji mai." Yaro ya shige ƙarƙashin mota, ya kwance noti, baƙin mai ya tsiyayo cikin yankakkiyar jarka, wani ya bi hannunsa, wani ya malale a ƙasa. A canza filta, a jefar da tsohuwar gefe tana ɗiga. A ɗura sabon mai, Alhaji ya biya, a yi masa a sauka lafiya. Ya tafi da sabon mai lita huɗu, ya bar tsoho lita huɗu. Da wuya a samu mai motar da zai waiwaya ya tambayi inda za a kai shi.

Amsar tana nan a ƙarƙashin bencin da ya zauna. Ƙasar tsohon gareji baƙa ce wuluk, ta daskare kamar kwalta, ko ciyawa ba ta tsira a kanta. Shekara da shekaru ne suka taru a wurin, juye a kan juye.

A yi lissafi mai sauƙi. Garejin da ke yi wa ƙananan motoci biyar juye a rana yana tara baƙin mai lita 20. Idan ya yi aiki kwana 300 a shekara, ya tara lita 6,000, wato duro 30 na lita 200. Wannan rumfa ɗaya ke nan. To, ina ga wuraren da rumfunan suka jeru ɗaruruwa, kamar Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Apo a Abuja, da Ladipo a Legas? A Kumasi ta ƙasar Gana akwai Suame Magazine, inda ake ƙiyasta cewa masu sana'ar hannu kimanin 200,000 ne ke neman abincinsu, cikinsu har da Hausawan zango. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta daɗe tana gargaɗin cewa man juye ɗaya tak yana iya ɓata ruwa galan miliyan 1, wato fiye da lita miliyan 3 da rabi.

Baƙin da ido ke gani shi ne ƙaramin sashen matsalar. Rana da ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa suna cin wani ɓangare na man a hankali, har baƙin ya dusashe. Abin da man ya ɗauko daga cikin inji kuwa yana nan daram. Yayin da inji ke aiki, ƙarfe na gogar ƙarfe, ana samun garin da ya fi kwalli laushi, shi kuma mai ya kwashe shi. A cikin garin nan akwai dalma, da jan ƙarfe, da tutiya, da kuromiyam, da nikel, da kadmiyam. Masana suna kiransu ƙarafa masu nauyi. Ganye yana ruɓewa, kashin dabbobi ya zama taki, takarda ta narke, amma ƙarfe ba ya ruɓewa. Iyakarsa ya sauya wuri: daga ƙasa ya shiga ruwa, daga ruwa ya shiga alayyafo, daga alayyafo ya shiga jikin mutum.

Kowace rumfa a gareji tana zuba nata kason. Mai gyaran lagireto yana liƙe ɓula da narkakkiyar dalma. Mai fenti yana kankare tsohon fenti da sanfefa, garin ya bi iska, alhali yawancin tsofaffin fenti masu launin rawaya da ja da dalma aka haɗa su. Mai gyaran birki yana karkaɗe ƙurar da ke ɗauke da jan ƙarfe. Tayar da aka ƙona domin a ciro wayar cikinta tana barin toka mai tutiya. Mai walda yana zubar da ragowar kabayid a bayan rumfa. Mai wankin inji yana ɗauraye komai da fetur ko kananzir, ya kwarara a lambatu.

Sai kuma babban yayansu, batir.

Wanda ya taɓa ɗaga batirin mota ya san nauyinsa. Fiye da rabin wannan nauyi dalma ce. Kimanin kashi 85 cikin 100 na dalmar da ake amfani da ita a duniya, batir ake yi da ita. Zafin ƙasashenmu yana rage wa batir kwana, ga shi kuma yawansa sai ƙaruwa yake yi: na mota, na babur, na adaidaita sahu, ga manya-manyan na sola da suka shiga gidaje da shaguna saboda rashin wutar lantarki. Idan batir ya mutu ba a yar da shi, domin kuɗi ne. 'Yan gwangwan za su saya. Sai dai kafin a ɗora shi a sikeli, sau da yawa ana tuntsurar da ruwansa a ƙasa. Wasu su sa gatari su fasa shi su zaro farantan ciki. Mai cajin batir kan narka guntun dalma a gwangwani a kan gawayi domin ya gyara kan batir, hayaƙin yana shiga hancinsa da na yaransa.

Ruwan batir yana da ɓarna biyu. Shi kansa ɗauke yake da dalma. Sannan asid ne mai ƙarfi, kuma idan ƙasa ta yi tsami, ƙarafan da ta riƙe sai su saki, su narke, su bi ruwa. Wato ruwan batirin da aka zubar yau yana kwance wa gubar da aka zubar shekarun baya ɗauri.

Wannan ba zato ba ne. Masu bincike a jami'o'in Najeriya sun sha ɗibar ƙasa daga matattarar kanikawa a Ibadan, da Owerri, da Makurdi da wasu garuruwa, su kwatanta da ƙasar da ke nesa da gareji. Abin da suke samu kusan iri ɗaya ne: ƙarafan sun fi yawa a ƙasar gareji, kuma sun fi taruwa a sama-sama, a 'yan tafukan hannu na farko, suna raguwa idan aka nutsa.

Wannan bayani yana da daɗi, yana da ɗaci. Daɗinsa shi ne ƙasa tana yin tata kariyar. Yumɓu da laka suna kama dalma su riƙe, shi ya sa ba kowace rijiya da ke kusa da gareji ce ta gurɓace ba. Ɗacinsa kuwa, saman ƙasa shi ne inda mutane suke. Nan yaro yake rarrafe. Nan mai ƙosai da mai shinkafa da wake suke ajiye tukunya. Nan iskar hunturu take ɗibar ƙura ta watsa cikin gidaje, ta sauka a kan randa, da tabarma, da garin da aka shanya.

Batun rijiya kuma ya danganta da irin ƙasar da kuma irin ginin. Ƙasar jigawa mai rairayi, wadda ta mamaye arewa mai nisa da kudancin Nijar, ba ta da riƙo kamar yumɓu, ruwa yana ratsa ta kamar rariya. A garuruwa irin su Kano da Zariya da Kaduna, ruwan rijiyar gida yana kwance ne a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke saman fa, ba shi da zurfi sosai. Idan damina ta yi nisa, wajen watan Agusta, ruwan yakan taso, igiyar guga ta gajarta, tazarar da ke tsakanin baƙar ƙasar gareji da ruwan sha ta ragu.

Sau da yawa ma gubar ba ta jiran ta ratsa ƙasa. Ta sama take shiga. Ruwan sama ya wanke filin gareji, ya gangara unguwa da ƙyalli-ƙyallin mai a kansa, ya tarar da rijiyar da bakinta yake daidai da ƙasa, ko wadda bangonta ya tsage, ko wadda ba ta da murfi. Gugar da aka ajiye a ƙasa ta koma ciki da ƙurarta. Ita ma rijiyar burtsatse, idan mai haƙa ya yi ha'inci bai liƙe gefen bututu da siminti yadda ya kamata ba, ruwan sama yana bin gefen ya sauka. Daga irin waɗannan rijiyoyi ne 'yan garuwa da yawa suke cika jarkokinsu, su tura kura zuwa unguwannin da ko ƙarar gudumar gareji ba sa ji.

Nawa ne ya yi yawa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha, kuma idan aka juya iyakar zuwa lissafin kasuwa, giram ɗaya ne a cikin lita 100,000. Giram ɗaya, abin da bai kai cikin ƙaramin cokalin shayi ba, idan ya narke ya isa ya kai jarka 4,000 masu lita 25 bakin iyaka. Iyakar kadmiyam ta fi wannan tsanani, ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na ta dalma ba. Hukumar ta kuma bayyana cewa babu wani adadin dalma a jinin mutum da za a ce ba shi da illa.

Abin da ya sa wannan guba ta fi ƙarfin dabarun gida shi ne ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Uwargida ta san ruwa mai laka, ta jefa masa alam ya kwanta. Ta san ruwa mai ƙwayoyin cuta, ta tafasa shi. Tafasawa tana kashe ƙwayar kwalara, amma ba ta taɓa dalma, sai ma ta ƙara mata kauri, domin ruwa ne ke tashi ya zama tururi, ƙarfen ya zauna a tukunya. Ruwa yana iya zama garai-garai, mai sanyin randa, kuma yana ɗauke da ita.

Idan ta shiga jiki, yara ne suka fi shan wuya. Daga cikin dalmar da aka haɗiya, jikin ƙaramin yaro yana zuƙar ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke zuƙa. Yaron da ke fama da ƙarancin abinci mai gina jiki ya fi zuƙa, domin jiki yana ɗaukar dalma a madadin sinadaran da ke gina ƙashi da jini. Tana taɓa ƙwaƙwalwar da ke kan girma, kuma ɓarnar da ta yi a nan ba ta gyaruwa. Alamominta ba masu hayaniya ba ne: ƙarancin jini, ciwon ciki, rashin cin abinci, jinkirin magana, wahalar riƙe karatu. Sai a ce yaro daƙiƙi ne, malam ya yi ta bulala, uba ya yi ta faɗa. Idan ta yi yawa ta kawo jijjiga da suma, a ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai, ko a ce iska ce.

Ga manya kuwa, tana kawo hawan jini, da ciwon ƙoda, da raunin haihuwa. Tana ɓuya a cikin ƙashi shekaru masu yawa. Yarinyar da ta taso tana tallar abinci a gareji tana iya ajiye dalma a ƙashinta, sai ta yi aure ta samu juna biyu, dalmar ta sauko cikin jini ta isa ga ɗan tayi. Shi kuma kadmiyam ƙoda da ƙashi yake ci. Mutanen Toyama a ƙasar Japan sun ɗanɗana: ruwan kogin Jinzu da suke noman shinkafa da shi ya gurɓace daga wata mahaƙar ma'adinai, ƙasusuwan mata suka riƙa karyewa, har aka sa wa cutar suna daga kukan da masu ita suke yi, itai-itai. Gwamnatin Japan ta amince da musabbabin cutar a 1968.

A 2020, asusun UNICEF da ƙungiyar Pure Earth sun fitar da rahoton da ya ce yaro ɗaya cikin uku a duniya, wato kusan miliyan 800, yana da dalma a jininsa a matakin da ke buƙatar a tashi tsaye. Rahoton ya sa fasa tsofaffin batura ba bisa ƙa'ida ba a sahun gaba na masu laifi.

Mutanen arewa ba sa buƙatar a tafi da su Japan kafin su san irin wannan guba. A 2010, likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan sababbin kaburburan yara a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma. Yara fiye da 400 suka rasu. A can, duwatsun zinariya ne da ake daka a cikin gida suka kawo gubar, ba gareji ba, kuma yawanta ya wuce duk abin da aka saba gani a gareji nesa ba kusa ba: a wasu wuraren kashi 10 cikin 100 na ƙasar dalma ce. Amma darasin da ya shafi sharhin yau yana cikin yadda aka yi maganin abin. Babu allurar da ake yi wa ƙasa. Sai da aka shiga gida-gida da shebur da baro, aka kankare saman ƙasa, aka kai rami na musamman aka binne, aka kawo sabuwar ƙasa aka shimfiɗa. A ƙauyen Bagega sai 2013 aka yi wannan aiki, kuma likitoci sun jira a gama kafin su fara ba yara maganin da ke fitar da dalma, domin babu amfanin wanke jinin yaro a mayar da shi tsakar gidan da ya sa masa cutar. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Wanda ya fi kusa da batun gareji shi ne abin da ya faru a Thiaroye-sur-Mer, wajen birnin Dakar na ƙasar Senegal. Mutanen wata unguwa a can sun shafe shekaru suna fasa tsofaffin baturan mota, har rairayin unguwar ya cika da garin dalma. Da farashinta ya tashi, sai mata suka shiga kwasar rairayin a buhuna suna kai wa gida suna tankaɗewa, yaransu na goye ko suna wasa a gefe. Tsakanin Nuwamba 2007 da Maris 2008, yara 18 suka mutu. Dalmar da ta kashe su ta daɗe a kwance a ƙasa kafin a haifi wasunsu.

Wannan shi ya kawo sharhin ga abin da ba a cika magana a kansa ba. Yawancin manyan garejojin da ke tsakiyar birane yanzu, a bayan gari aka kafa su. Gari ne ya girma ya haɗiye su. Idan cunkoso ya yi yawa, ko fili ya yi daraja, sai hukuma ta ce kanikawa su tashi, an ba su sabon wuri. Su kwashe sifanu da jak da tsofaffin injuna su tafi. Ƙasar kuwa ba ta bin su. Bayan 'yan watanni sai a ga an yanka fulotai, ko an kafa makaranta mai zaman kanta, ko an fitar da shaguna da masallaci. Abu na farko da mai gini yake yi shi ne haƙa rijiya domin ya samu ruwan kwaɓa siminti, kuma ita ce iyalinsa za su sha idan sun tare. Mai sayen fili yana tambayar takardu, yana tambayar ko akwai rikicin gado, yana tambayar ko ruwa na kwanciya da damina. Bai saba tambayar abin da aka yi shekara talatin ana zubarwa a wurin ba.

Duniya ta yi murna a 2021 da ƙasar Aljeriya ta daina sayar da fetur mai dalma, ita ce ta ƙarshe. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun riga ta tun farkon 2006. To amma garejin da ya yi aiki a shekarun 1970 zuwa 1990, lokacin da kowace Fijo da Bitil ke shan irin wannan fetur, baƙin man da ya zubar a wancan zamani cike yake da dalma, kuma tana nan inda aka bar ta.

Abin da bai shiga ƙasar gareji ba ma yakan bi wata hanyar ya iso gida. Ana sayen baƙin mai a shafa wa katakon rufi saboda gara. Ana zuba shi a masai domin wari da sauro, wato a kai shi kai tsaye cikin rami mai zurfi, sau da yawa taku kaɗan daga rijiyar gidan. Ana shafa wa akuya da jaki mai ƙazuwa. Ana yayyafa shi a ƙofar gida don kwantar da ƙura. A wasu mahautan da tsofaffin tayoyi ake babbake kai da ƙafa da ganda. Maƙeran da ke zuba tukwanen alminiyam kan narka tarkacen inji da lagireto, kuma wani bincike da aka buga a 2014 a kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya nuna dalma na fita daga jikinsu yayin girki. Lambatun da ya ɗauki wankin gareji kuwa yana ƙarewa ne a rafi. A Kano, kogin Jakara yana kwasar ruwan kwatocin birni, kuma a gefensa ake noman latas da kabeji da alayyafon da ke komawa kasuwannin birnin.

Duk da haka, kuskure ne a ɗora wa bakanike laifin shi kaɗai. Ƙasar da yawancin motocinta tsofaffi ne 'yan Kwatano, wadda kusan duk buhun masara da kwandon tumatir a kan taya suke tafiya, ba ta kwana ɗaya ba tare da kanikawa ba. Gareji makaranta ce da ta ɗauke dubban matasa daga zaman kashe wando. Kuma bakanike shi ne na farko da gubar ke ci. Shi ne ke zuƙo fetur da baki ta tiyo. Shi ne ke wanke hannu da fetur ya sa a kwanon abinci. Shi ne ke komawa gida da kayan aiki, 'ya'yansa su ruga su rungume shi, matarsa ta wanke kayan a baho ɗaya da na jariri. Masu walda da masu fenti da yawa sun yarda cewa gwangwanin madara bayan aiki yana wanke gubar. Madara abinci ce mai kyau, amma ba ta fitar da dalma daga jini.

Sannan wanda yake zaune a filin aro, yana jiran ranar da za a zo da katafila, ba zai kashe kuɗinsa ya yi daɓen siminti ba. Ƙananan hukumomi sun san hanyar gareji ranar karɓar haraji. Ranar kwashe baƙin mai ce babu mai zuwa.

Dokoki akwai su. An kafa hukumar NESREA a 2007 domin tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli a Najeriya, kuma a 2024 aka fitar da ƙa'idoji na musamman a kan batir, tun daga shigo da shi har zuwa tattara wanda ya mutu. Kowace jiha tana da ma'aikatar muhalli. Kanikawa kuma suna da ƙungiyarsu ta NATA, da shugabanni a kusan kowace matattara, waɗanda maganarsu ta fi ta jami'in gwamnati shiga kunnen 'yan rumfa. Abin da ya rage shi ne a haɗa waɗannan hannuwa a kan aiki ɗaya.

Aikin kuwa ba ya buƙatar injin da za a yi odarsa daga Turai. Wurin juye ya samu daɓen siminti mai ɗan baki da rufin kwano, yadda ruwan sama ba zai wanke shi ba. A tara mai a faranti mai faɗi, a juye a duro mai murfi. Wanda ya zube a tsane shi da garin katako, a tara a wuri guda. Baƙin mai haja ce: ana sake tace shi ya koma man inji, kuma matattarar da ta tara duro hamsin tana da bakin ciniki da kamfani, abin da mai rumfa ɗaya da galan biyu ba shi da shi. Batir kuma a sayar da shi cikakke, da ruwansa a ciki, ga mai tattarawa da hukuma ta sani. A Amurka kusan 99 cikin 100 na baturan mota ana mayar da su masana'anta a sake ƙera sababbi, kuma dabarar mai sauƙi ce: mai sayen sabo yana samun ragi idan ya kawo tsoho.

Maigidan gareji yana iya ajiye bokiti da sabulu, ya hana yaransa cin abinci sai sun wanke hannu, ya sa a bar kayan aiki a rumfa. Masu sayar da abinci a ware musu wuri nesa da rumfar batir da ta fenti, kuma kada a shimfiɗa goyo a ƙasa a wurin. Maƙwabtan gareji su ɗaga bakin rijiyarsu, su yi mata daɓe da murfi, su rataye guga. Idan unguwa ta haɗa kuɗi, sassan kimiyya na jami'o'i da ɗakunan gwajin hukumomin ruwa suna auna dalma da kadmiyam a cikin kwalbar ruwa. A auna da rani, a sake aunawa da damina.

Ga hukumomin filaye da tsara birane, kira ɗaya ne: duk filin da aka tashi gareji ko 'yan gwangwan daga kansa, kada a ba da takardar gina gida ko makaranta sai an gwada ƙasarsa. Idan an samu guba, a kankare saman a binne a inda ya dace, ko a rufe wurin da kankare a mayar da shi tashar mota. Sabuwar matattarar da za a kai kanikawa kuma a ba su takardar zama ta dindindin, a yi mata magudana da wurin tara mai tun kafin rumfa ta farko ta tsaya.

Saura mai mota, wanda da shi aka fara. Shi ne ya kawo man, shi ne ya kawo batirin, kuma kuɗinsa ne ke riƙe da gareji. Ranar da zai koma juye, kafin ya karɓi makulli, ya dubi yankakkiyar jarkar nan ya ce, "Maigida, ina za a kai wannan?" Idan an nuna masa duro, ya ƙara wani abu a kan kuɗin aiki, ya kuma gaya wa abokansa garejin. Idan lambatu aka nuna masa, ya nemi wani wurin.